Igiyar da Ke Ƙafar Baba

Ranar wata Alhamis ina tsinke ganyen mulukiyya, wato lalo, a kicin, ƙanena ya turo mini bidiyo a waya. Ban kai ga ganin hoton ba sautin ya riga shi shigowa: sarewa barkatai suna busa tare, ganga tana bin su a baya, ga wata 'yar ƙararrawa tana tsoma baki. Na kife wayar a kan tire. A ƙasan bidiyon ya rubuta, "Yaya, kin tuna? Ayyam zaman!" Wai kwanakin da, a Larabce. Har da fuskokin nan masu hawayen daɗi.

Na tuna mana. Ai shi ya sa na kife wayar.

In a Jidda ka tashi, ka san abin da ake yayi yanzu. Kowa ya tono tsohon hoton malahi, wuraren wasan yaran nan da suka jeru a bakin bahar kafin a share su, ya saka a waya yana kuka da zamani. Ban hana kowa kewar yarintarsa ba. Amma duk wanda ya ce mini, "Kin tuna akwatin kiɗan nan da ke yi da kansa?" sai in ji kamar in watsa masa ruwan wanke-wanke. Allah ya yafe mini, ni ba mai faɗa ba ce. Ko kyanwar layinmu ba na iya kora. Akwatin nan ne kawai na tsana, kuma ban taɓa neman in daina ba.

Bari in kwatanta maka shi. Ya fi ƙofar gida tsawo, faɗinsa kamar shagon mai shayi, an shafe shi da ruwan gwal da shuɗi. Daga Turai mai wurin ya sayo shi, tun a lokacin ma tsoho ne. A gabansa bututai ne jere, manya da ƙanana, da 'yan tsana na katako, na tsakiyar yana riƙe da sanda yana kaɗawa. An kankare musu fuska saboda hukuncin hoto, sai suka zama kamar dankalin da aka fere. Ana zura masa wani dogon kwali mai huji-huji da aka ninke, kwalin na tafiya, kiɗa na fita, dawakin katako na zagayawa da 'ya'yan mutane.

Iska ce abincinsa. A cikinsa akwai zuga-zugi irin na maƙera, da injin da ke hura su. Injin bai jure gishirin bahar da gumin Jidda ba, ya mutu. Mai wurin ya duba ya ga ɗan Takari ya fi sabon inji sauƙi. Kakanmu maƙeri ne, da ƙafa ya zo aikin hajji daga ƙasar Hausa bai koma ba, kuma Baba tun yana yaro shi ke yi masa zuga a unguwar Mahjar. Da aka ce ana neman mai ƙarfin dantse wanda hannunsa ba ya gaggawa, sai aka nuna Baba. Aka mayar da iƙamarsa, takardar zaman ƙasa, hannun mai wurin, ya zama kafilinsa. Aka kafa wani ɗan ɗaki na katako a bayan akwatin, da ƙafar ƙarfe mai mariƙi kamar ta injin taliya, sai dai ta kai tayar mota. Nan Baba yake tsayawa yana juyawa, kunnensa dab da bayan bututan. A gaba kuwa an rubuta da Larabci cewa abin mamaki ne, da kansa yake kiɗa.

Inna kuma a bakin ƙofar wurin take zama da farantin gyaɗa da gurjiya, cikin layin matanmu. Da rani, in la'asar ta yi, iskar bahar takan zo da ɗumi da ƙarnin kifi, ta gauraya da ƙamshin balila, dafaffen waken nan na Larabawa, da na alewar auduga. Rigarka ta manne maka a baya. Ka tuna da wannan zafin, sannan ka tuna da mutum a cikin akwatin katako.

Akwai ranakun mata. A ranakun nan ba a yarda namiji baligi ya taka cikin wurin ba, don mata su sake, su yaye lulluɓi, su hau lilo. To kiɗa fa? Sai aka samo dabara. Baba zai shiga tun kafin a buɗe ƙofa, a datse shi da kwaɗo ta waje, mabuɗin yana jakar matar mai wurin. Yana shiga da gorar ruwa da wani ɗan dutse na taimama. Matsalar da ta rage ita ce salla. A lokacin, in aka yi kira, komai tsayawa yake yi a garin nan, shi kuma a ciki ko aradu ce ta faɗi ba zai ji ba. Shi ya huda katakon ta ƙasa, ya zura igiyar shanya, ya ɗaura a idon sawunsa. Ɗaya bakin yana hannuna. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka ba ya kiran sunana.

"Uwata," ya ce mini, "kunnena yana wurinki. Ladan na buɗe baki ki ja."

Ina zaune a bayan akwatin a kan bulo, ina jin dariyar yaran da ke kan dawaki, ina kasa kunne wajen masallacin da ke tsallaken titi. In na ja, sai kiɗan ya yi wani nishi kamar rago a hannun mahauci, ya mutu. Ban taɓa hawa dokin nan ba. Ƙanena ya hau, shi da aka haifa daga baya, wata mai shara takan ɗora shi in ba kowa. Shi ya sa yake da ayyam zaman.

Ranar da nake son ba ka labari, kashegarin ƙaramar salla ce. Matar mai wurin ta zo da baƙi daga Riyad, 'yan mata cike da dawaki, ana ɗaukar su hoto. Ladan ya ɗaga murya na magariba. Na miƙa hannu zan ja, sai na ga takalmi a kan igiyar. Takalmi mai tsini, ruwan gwal. Na ɗaga kai, matar mai wurin ce.

"Isbiri ya bint," ta ce, wai in yi haƙuri. "Su gama wannan zagayen."

Na ce, "Kiran salla ake."

"Na ji. Ina da kunne."

Na ja da hannu biyu, igiyar ba ta motsa ba. Na buga katakon da tafin hannu, wa zai ji? Zagaye ɗaya ya zama biyu, mai hoto ta ce a sake. Ladan ya yi shahada, ya kira mutane zuwa ga salla, ya kira su zuwa ga tsira, ya kai ƙarshe, ganga da sarewa suna tafe a kansa, ɗan tsanan nan marar fuska yana ta kaɗa sandarsa. Sai da ta ga dama ta ɗage ƙafa, ta buɗe jaka ta miƙo mini alewa. Har yau in na ga alewa mai jar takarda raina ɓaci yake yi.

A bas ɗin komawa Mahjar Inna ta faɗa wa Baba abin da ya faru, don ita ma ta ji daga bakin ƙofa. Ta maimaita da ƙarfi, saboda tun lokacin kunnen ya fara nauyi. Baba ya dube ni, na ce masa an taka igiyar ne. Bai yi mini faɗa ba. Ya dubi tafin hannunsa, ya ce, "Da hannun nan na yi kiɗa a kan kiran salla." Tuwon ranar haka aka ɗauke shi. Washegari ya koma aiki, don wanda takardarsa ke aljihun wani ba ya yin zuciya. Ya yi ta juya ƙarfen nan har shekarar da aka rufe wurin. Ya fito da kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya, kunnuwa kuma sun tafi gaba ɗaya. Mutumin da ke gane ladanin kowane masallaci a unguwa da murya, yau a ɗakina yake zaune yana kallon agogo. In lokaci ya yi, nakan je in taɓa ƙafarsa.

To wannan akwatin ne wani mai gidan shan gahawa a arewacin gari ya tono daga wani sito, ya gyara, ya kafa a tsakiyar shagonsa. Ƙanena ya zo da daddare bayan isha da zancen a kai Baba ya gani.

"Wallahi Yaya zai ji daɗi. In ɗauke shi bidiyo yana tsaye a gabansa, mutane su san tarihi."

"A gabansa? Yaushe ya taɓa tsayawa a gabansa?"

"Ke dai kin cika riƙo. Halas, abu ya wuce."

"Ya wuce maka. Je ka kira shi daga nan, in ya amsa sai in yarda ya wuce."

Bai haƙura ba. Ya je ya nuna wa Baba bidiyon. Baba ya daɗe yana kallo, ya ce a kai shi. Ban so ba, na yi ta gunaguni ina goge masa farar jallabiyarsa, amma ba zan bar shi ya je ba ni ba.

Mun je da yamma. Kurnish ɗin, titin bakin bahar, duk an shimfiɗe shi da tayil da fitilu, ban ma gane inda Inna take ajiye farantinta ba. Shagon sanyi ƙalau, ƙamshin gahawa da turare. Ga shi can yana ƙyalli, an mayar wa 'yan tsanan fuskokinsu, jajayen kumatu da gashin baki, suna murmushi kamar ba su san komai ba. Yana ta kiɗa, matasa sun kewaye shi da wayoyi. Ƙanena ya ja Baba zuwa gaba, Baba ya zame hannunsa ya zagaya baya. Na bi shi. Babu ɗakin katako, babu ƙafar ƙarfe. Wani ɗan inji ne kamar tukunyar shinkafa, da baƙar waya da ta tafi bango. Ya ɗora tafinsa a jikin katakon yana jin rawar da yake yi.

"Ashe ɗan wannan ne," ya ce, da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa.

Ana haka aka kira magariba. Yanzu ba a rufe shaguna, ba a kashe komai, kowa da gabansa. Ba wanda ya ko ɗaga kai. Ni kuwa hannuna ya riga tunanina, na durƙusa na taɓa idon sawunsa. Ya dube ni. Ya bi baƙar wayar nan da ido har bango, ya sunkuya da kafaɗarsa mai ciwo, ya fizge ta.

Nishin nan dai na da, shi ya yi. Shagon ya yi tsit, muryar ladan ta shigo ta ƙofar gilashi. Wani ma'aikaci ya taho da sauri yana "Ya hajj, ya hajj, mamnu'!" wai an hana. Na miƙe na tsaya tsakaninsu. Na kalle shi, irin kallon da na so in yi wa mai takalmin gwal ban isa ba. Ya tsaya. Ƙanena ya sauke wayarsa, ko ya ɗauka ko bai ɗauka ba, ban tambaye shi ba har yau.

Baba yana riƙe da baƙar wayar injin a hannu, yana duban bakina.

"Uwata, ya yi shiru kuwa?"

Na gyaɗa masa kai. Ya ajiye ta a ƙasa a hankali, ya fara amsa kiran da ba ya ji, yana bin leɓɓana.