Ledar Katifar Yaya

Yayata ba ta shiga shagon kayan roba. Tun muna yara, in aka buɗe sabuwar tabarmar roba ko aka fesa maganin sauro, sai idanunta su yi ja, ƙirjinta ya fara ƙara, ta fita tsakar gida ta dafa bango tana neman numfashi. A asibiti an ce asma ce, aka ba ta abin shaƙa. Mun saba da hakan har muka daina gani, sai da aka sa ranar aurenta zuwa Faskari, kayan ɗaki suka iso gidanmu a Ƙanƙara.

Ina hutun makaranta lokacin, ana tsakiyar bazara. Katifa ce a cikin ledarta, da gado da kujeru masu warin fenti da gam, da ledar ƙasa a nannaɗe, da labulaye da robobin abinci. Aka jibge su a ɗakin ajiya aka kulle. Washegari Yaya ta leƙa don ta ga kayanta. Ba ta yi minti biyu ba ta fito tana tari, ranar ko abinci ba ta ci ba. A cikin waɗannan kayan za a kai ta ta kwana, a garin da ba mu kusa.

Na taɓa karantawa cewa irin wannan wari yana fita ne a hankali in kaya suka sha iska, kuma leda tsare shi take yi. Ni ba mai magana ba ce a cikin manya. Sai da na yi kwana biyu ina shirya abin da zan ce, sannan na durƙusa gaban Gwaggo, ƙanwar Baba da ta zo daga Mabai, don ita ce mai jere.

"A cire leda?" ta ce. "Ke ɗiyar nan, boko ya taɓa ki. So kike mutanen Faskari su ce kwance muka kai masu? Ledar nan ita ce shaida."

"Gwaggo, warin ne ke tayar mata da ciwon."

"Wari dai? Mi aka yi turaren wuta dominshi? Kasko biyu zan sa, ki ga in ya sake motsi."

Na ce hayaƙin ma yana shaƙe ta. Gwaggo ta dubi Inna ta ce, "Kin ji likitar gidanku." Aka yi dariya, na tashi na fita.

Da la'asar na koma ɗakin ajiya na duba ledar katifar da kyau. Ɗinki ɗaya gare ta, ta gefe. Na kira Gwaggo na nuna mata, na ce zan farke ta nan da reza, in ajiye ledar, ranar jere in mayar kamar ba a taɓa ba. In ta ga alamar yanka, ta yi mini duk hukuncin da ta so. Ta daɗe tana shafa ɗinkin kafin ta ce, "In kika yaga ta, da fatarki zan rufe katifar."

Sati uku muka samu. Baba ya kewaye rumfar bayan gida da zana saboda awaki da kaji. Kullum da safe ni da Inna mu fitar da kaya inuwa, mu jingine katifa, mu warware ledar ƙasa, mu zare aljihunan gado. Da magariba mu mayar. Labulaye na wanke da sabulun salo sau biyu. Robobi na jiƙa a ruwan ɗumi da lemun tsami. Na zuba gawayi a kwanoni na sa cikin aljihunan, ina canzawa. Baba kuma ya aika wa gidan ango cewa su yi fentinsu da wuri, su bar tagogi a buɗe.

Hanci yana sabawa da wari, don haka na samo dabara. Sai in rufe abu ɗaya a ɗaki, in je in zauna ƙarƙashin dalbejiya, in dawo in shinshina, in rubuta a littafina. Robobi suka daina wari a kwana huɗu. Katifa ta kai goma sha shida. Ledar ƙasa ta ƙi; har rana ta ƙarshe tana wari. Na gaya wa Inna gaskiya, aka bar ta a gida, aka sayi tabarmin kaba.

Ranar jere na mayar da ledar katifa na ɗinke da farin zare. Dangin ango suka shigo suna tattaɓawa. Wata tsohuwa ta buga katifar ta ce, "Sabuwa dal, ko buɗe ta ba a yi ba." Gwaggo ta ce, "To da mi za mu kawo?" Ba ta ko kalle ni ba. Suna fita, ita da kanta ta miƙo mini rezar don in sake cire ledar. Kaskon turaren ma a waje ta ajiye shi.

Bayan kwana uku na kai wa Yaya saƙo. Na same ta zaune a kan katifar tana tsince shinkafa, abin shaƙarta yana kan taga, ta ce tun da ta zo ba ta taɓa shi ba. Na zauna kusa da ita ina sauraron numfashinta, ban ji komai ba.

Gwaggo kuwa ta aiko daga Mabai bayan sallah. Ɗiyar maƙwabciyarta za ta yi aure, tana da irin ƙirjin Yaya. Wai in zo da rezata da littafina.