Kangon da Na Ba da Aro

Mu a Dakoro roƙon ruwa muka saba, shi ya sa shekarar da ya zo ya wuce ƙima muka rasa addu'ar da za mu yi. Kwana biyu yana zuba. A na uku da hantsi, ina tsaye a bakin hanya da tukunya a hannu, ɗakunana biyu suka durƙusa ɗaya bayan ɗaya. Ban rasa kowa ba, alhamdu lillahi. 'Ya'yana duk sun yi aure, maigidana kuwa ya daɗe da rasuwa. Amma filin da ɗakunan suke kai shi ne rabona na gado daga mahaifinmu, kuma shi kaɗai ne abin da zan nuna a duniya in ce nawa.

Bayan 'yan makonni a ajin lakwal, wato makarantar boko, tare da sauran waɗanda gidajensu suka faɗi, yayana ya zo ya kwashe ni da komatsaina zuwa gidansa. Ya ba ni ɗaki kusa da turken awaki. Ban ga wulaƙanci ba, gaskiya, matarsa mutuniyar kirki ce. Sai dai macen da ta saba da murhunta ba ta jin daɗin tambayar inda aka ajiye ludayi. Na koma sana'ata ta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ina tari kaɗan-kaɗan, kullum in na je rijiya sai na ratsa ta kangon nawa na dube shi. Niyyata ɗaya ce, in sake gini a inda na tashi.

Damina biyu bayan haka baƙi suka zo. Samari ne da 'yan mata daga Turai, 'yan sa kai, wani furoje, wato shirin ƙungiyar agaji, ya kawo su. Masu rabon hatsi da barguna sun riga sun zo sun tafi. Su waɗannan suka ce abin da zai daɗe suka zo yi, filin wasan yara. Da na ji na yi dariya har da riƙe ciki, mutane ba su gama rufe ɗakunansu ba za a kafa musu lilo. Suka ce yaran da suka ga gida ya faɗi tsoro yana zama a ransu, wasa ne maganinsa. Nan kam ban musa ba, don na san yaran unguwarmu da in hadari ya haɗo sai su shige ƙarƙashin zanen uwa suna makyarkyata.

Yayana ne ɗan jagoransu. Ya daɗe yana tuƙa motocin furoje, Faransanci ya zauna masa a baki, duk farar motar da ta shigo gari a ƙofarsa take fara tsayawa. Mutum ne mai son a ce da shi aka yi. Meri, wato ofishin magajin gari, ta nuna wa baƙin wani fili can bayan kasuwar dabbobi, suka ce ya yi wa yara nisa, su tsakiyar unguwa suke so. A tsakiyar unguwa kuwa kowa ya tayar da bangonsa, kango ɗaya ya rage.

Ya same ni ina murza ƙuli. Ya zauna, abin da bai saba ba, ya yi ta yabon man da na matse. Sannan ya ce:

"Ƙanwata, aro za ki ba su. Ƙarhuna ne da kusoshi. Ran da kinka tashi gini, a kwance su a maida su hilin lakwal."

Na ce to, amma a gaban shaidu. Washegari muka je zauren mai unguwa, liman yana nan. Na faɗa da bakina, sau biyu, cewa aro ne, ran da na haɗa tubali zan karɓi abina. Suka ce sun ji sun shaida. Ba a rubuta komai ba, don mu ba mu saba rubuta aro ba.

Aron ƙasa a wajenmu yana da ƙa'idarsa, kuma kowane ɗan manomi ya sha ta a nono. Wanda aka ara wa gona ya shuka gero, ya shuka wake, ya shuka gyaɗa, duk abin da za a girbe a kwashe. Amma ba ya gina rijiya, ba ya dasa itace. Itace mai ƙasa ke dasa shi, ko wanda aka bar wa ita har abada. Ina yarinya na ga mahaifinmu ya taka har wata gonarsa ta wajen Ɗan Gulbi don kawai ya tumɓuke 'yar kukar da mai aro ya dasa. Bai yi faɗa ba, ya ma tsaya sun sha fura tare, amma 'yar kukar a hannunsa ya dawo da ita gida. Ni da yayana muna zaune ya jefar da ita gabanmu ya ce mu riƙe wannan.

Baƙin nan sun yi aiki, ba zan ci haƙƙinsu ba. Rana ta gasa su har suka yi jajawur, suna kwaɓa siminti da hannunsu, suna binne tsofaffin tayoyi rabi a ƙasa suna shafa musu fenti. Ni nake dafa musu abincin rana. Akwai wata doguwa a cikinsu mai yawan dariya, ta koyi "ina wuni" tana gaishe ni da ita tun da sassafe, tana kirana Mama. In na kawo tuwo sai ta ƙona yatsunta, ta hura, ta sake kai hannu. Na so yarinyar nan. Har yau ba na jin haushinta.

Da aka kafa lilo da abin sulɓi, yara suka yi caa a kai. Kafin azahar kuwa sai ihu. Ƙarfen sulɓin ya sha rana ya zama kasko, ya toye wa yara biyu cinya. Baƙin suka tsaya cirko-cirko, doguwar har da hawaye. Suka shiga shawara da yayana cikin Faransanci, ni dai na ji an ce za a yi maganin abin, na kwashe kwanonina na tafi.

Ranar da za su tafi aka yi taro, da kujeru da masu ɗaukar hoto. Ina isowa na ga amalanke cike da dashen bedi, wato dogon yaro, a baƙaƙen ledoji, an kuma riga an tona ramuka kewaye da filin. Na ja yayana gefe na ce:

"Yaya, icce a hilin aro?"

Ya ce, "Baƙi ne, ba su san al'adarmu ba. Inuwa kurum suka so ma yara. Kada ki ba mu kunya gaban mutane."

Kafin in sake buɗe baki doguwar ta iso da dashen farko, ta ɗora mini a hannu tana murmushi, aka ce wai girmamawa ce ga uwar fili. Mai unguwa yana kallo, liman yana kallo, unguwa duka ta zuba mini ido. Na san ƙa'idar sarai. Da na ajiye ledar nan a ƙasa na ce a'a, da magana ta ƙare a nan. Amma yaya zan yi da yarinyar da ta ci tuwona kwana goma sha biyar, ta zo daga uwa duniya don 'ya'yanmu? Na durƙusa na sa dashen a rami, na mayar da ƙasa, aka tafa.

Wautata ba ta tsaya nan ba. Baƙi suka tafi, rani ya shigo, kwamitin da aka naɗa don ban ruwa ya yi sati biyu ya watse. Ina wucewa ina ganin 'yan itatuwan sun langaɓe. Ni kuwa ba na iya ganin abu mai rai yana mutuwa da ƙishi, ko na maƙiyina ne. Na riƙa rage ruwan tuluna ina zuba musu, na saro ƙaya na kewaye su saboda awaki. Rani uku ina wannan aikin, kowa yana gani, ana ce mini sannu da ƙoƙari. Bedi kuwa ba ya wasa, kafin ka ankara ya wuce kan mutum.

Da na ga na haɗa azara da ƙyaure, na sa aka buga mini tubali a bakin tabki, ya bushe, aka jera. Na ɗaura mayafina na tafi wajen mai unguwa na ce na zo karɓar arona. Ya ce madalla, in dawo jibi. Jibi ya ce Jumma'a. Jumma'a aka ce ya tafi Azagor gaisuwar mutuwa. Na gane ana juya ni, na ce ba zan tashi daga ƙofar zauren ba sai an tara mini waɗanda suka shaida.

Aka tara su. Liman ne ya yi magana, cikin taushi, idonsa a kan carbi. Ya ce lalle sun ji na ce aro, ba wanda zai musa. Amma bayan nan sun ga na dasa itace da hannuna a gaban jama'a, don jama'a, na kuma shayar da shi shekara da shekaru. Ya ce tun kakanni, mai ƙasa in ya bari aka dasa itace a filin da ya ara, to ya bar shi ke nan, balle shi ya fara dasawa. Su a ganinsu na canza shawara, na mayar da aro sadaka, har sun daɗe suna sa mini albarka.

Na juya wajen yayana na ce ya faɗa musu abin da ya gaya mini ranar taron. Ya shiga wasa da makullin mota. Na sake cewa ya faɗa. Da ya ɗago sai ya ce:

"Furoje ba ya zuba siminti inda za a tashe shi. Na ce musu hilin na har abada ne, in ba haka ba da sun tahi wani gari."

Na ce, "Iccen hwa?"

"Su rumhwar kwano sunka so yi. Ni na ce musu icce ya hi."

Ashe da ɗan gari akan ci gari. Baƙin ba su san komai ba, inuwa suke nema da zuciya ɗaya. Wanda ya zauna kusa da ni ranar da mahaifinmu ya jefar da 'yar kuka, shi ya zaɓi itace, shi ya ce a fara ba ni. Ya faɗa wa baƙi magana ɗaya, ya faɗa mini wata, sannan ya sa na ɗaure kaina da hannuna. Ya ƙara da cewa da ya gaya mini gaskiya da na ƙi. Na ce wataƙila in ƙi, wataƙila in ba su, amma ni ya kamata in zaɓa. Ban taɓa jin ciwon da na ji ran nan ba, ko ranar da ɗakunan suka faɗi. Ruwa dai ba ɗan'uwana ba ne.

Babban ɗana ya ce mu kai ƙara. Na yi kwanaki ina juya maganar. Ko na ci shari'ar, sai an sare bedi an tumɓuke lilo kafin in sa tubali, kuma jikokina uku suna cikin masu hawansa. Zan zama tsohuwar da ta kori yara daga inuwa, a unguwar da zan zauna in mutu. Yayana ya san wannan ma, ya san ni ciki da bai. Na ce wa ɗana ya bari.

Mai unguwa ya yi mini hanya meri ta ba ni wani yanki na filin nan na bayan kasuwar dabbobi, wanda aka ce ya yi wa yara nisa. Can na kai tubalina kafin damina ta narkar da shi, na gina ɗaki ɗaya. Ranar kasuwa ina kwana da kukan raƙuma, rijiya kuma sai na yi tafiya. Na bar gidan yayana ran da aka rufe ɗakin. Muna gaisawa da salla da wajen mutuwa, don ba ni da ikon yanke zumunci, amma bai sake zama a tabarmata ba.

Abin da ya fi ci mini rai yanzu shi ne godiya. In na shiga unguwa sayar da mai, mata sai su tare ni, Allah shi saka, Allah shi sa ki tarar a mizani. Liman yana kawo misali da ni wajen wa'azi in yana maganar sadaka mai gudana. Ina sunkuyar da kai, su ɗauka kunya ce.

Na gaji da haka, na tafi wajen wani tsohon malami da ba ɗan unguwarmu ba, na kwashe labarin duka na gaya masa. Na tambaye shi ko akwai lada a kyautar da mutum bai yi niyyarta ba. Ya ce aiki da niyya yake tafiya, amma ƙofa ba ta rufe ba, filin yana nan, yara suna wasa, in yi niyyar yanzu Allah zai karɓa. Na yi masa godiya na taso.

Na gwada. Sau da yawa bayan na sallame salla nakan zauna in ce yau zan bar shi don Allah. Bakina yana faɗa, ina ji. Amma ni na san abin da ke cikina, Allah kuma ya fi ni sani, har yau ban ba da filin nan ba.