Ƙasar da Garba ke ɗebowa a gwangwani

Shekara tara ke nan da Allah Ya karɓi ran ƙanena, Injiniya Garba. Ban yi boko ba, amma gida ɗaya muka zauna a Tudun Wada, kuma ina da ido.

Aikinsa turakun kankare ne, waɗanda ake kafawa can cikin ƙasa kafin a ɗora gada ko bene. Shi ke faɗin nauyin da kowane turke zai iya ɗauka. Duk inda aiki ya kai shi, Tsafe ko Bungudu, sai ya dawo da ƙasar wurin a gwangwani. Har maƙwabta suka fara tsegumi, wai wane mutumin kirki ne ke ɗebo ƙasar da mutane suka taka? Wata ma ta hana ɗiyanta shiga gidanmu. Na tare shi a zaure na ce ya gaya mini gaskiya. Ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya, wa zan yi wa asiri? Ƙasar ce ban yarda da ita ba, sai na gwada ta." Ko lissafi ya ce turke zai ɗauka, sai ya jibga masa nauyi ya ga ko zai nutse.

Bana an gama wani bene a fadamar da na taɓa ganin saniya ta kafe har ƙirji. Jar ƙasa aka zuba aka cike wurin. Nan mijin Hadiza, ɗiyar Garba da na riƙa, ya kama musu haya. Wai kwamfuta ta lissafa komai.

Na ɗauki mayafina na je. Na tambayi masu shagunan gefen: kun ga an haƙa an ɗebi ƙasa? Kun ga an jibga wa turke nauyi? Babu wanda ya gani. Ban ce ba a yi ba, kuma wataƙila kwamfutar ta fi Garba lissafi. Amma wa ya gaya mata abin da ke ƙarƙashin jar ƙasar nan? Da yana raye, tambayar da zai fara yi ke nan.

Hadiza ta zo wurina wankan jego. Da ta yi arba'in, mijin ya aiko a mayar da ita da jaririyar. Na ce a gaya masa ya bari benen ya fara cin damina ɗaya shi kaɗai tukuna.

Dangi na cewa na cika zargi. Na ji. Gadon da Garba ya bar mini ke nan, kuma ɗiyarsa na nan ɗakina. Allah Ya jiƙansa.