Aondohemba Mai Gadin Tafki

A shekarar da Lafiya ta zama babban birnin jiha, wani Batibe mai suna Aondohemba yana tuƙa tuwo ne a wata buka kusa da tashar Makurɗi. Wani ɗan'uwansa ya ja shi Legas, daga nan ya samu aikin kuku a jirgin ruwa, jirgi ya miƙa shi ga jirgi, har ya tsinci kansa a tekun ƙanƙara na can ƙarshen kudancin duniya. A 2003 ya dawo ƙauyensu kusa da Assakio da wata jibgegiyar kwat da labarin da babu wanda ya yarda da shi.

Ya ce jirginsu ba kifi yake kamawa ba, wasu 'yan mitsi-mitsin jatan lande ne da ake kira kiril, kamar kirefish ɗin kasuwa. Ya ce su ne abincin irin kifin da ya haɗiye Yunana, su ne kuma abincin wasu tsuntsaye masu tafiya a tsaye kamar lauyoyi.

"Kifi mai girman tirela ya ƙoshi da kirefish?" in ji matarsa Ngumimi. "Baban Seember, sanyi ya taɓa maka kai."

Abin da ya fi burge shi a jirgin wata 'yar siririyar mata ce mai sikeli, wadda aka turo ta sa ido. Kyaftin yana yi wa kowa tsawa, amma idan ta auna abin da aka kamo ta ce ya isa, sai ya naɗe raga nan take. Ta taɓa gaya wa Aondohemba, tana shan shayin da ya dafa mata, cewa idan aka kwashe ƙanana, manya yunwa za ta kashe su. Dole a bar musu rabonsu.

A bayan ƙauyen akwai tafkin da kowa ke su a ciki. Aondohemba ya tarar tarwaɗa ta ƙare, mutane sun koma tace ruwa da gidan sauro, suna kwaso 'ya'yan kifi kamar tsakin masara. Sai ya sa kwat ɗinsa da tsakar rana, gumi na zuba, ya tsaya a bakin ruwa ya ce daga yau duk ragar da babban yatsansa bai shige idonta ba, haramtacciya ce.

Aka yi ta dariya. Wani ya tambaye shi ko kifin Yunana ya iso tafkin ne ba a sanar ba.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba: Saleh, makiyayin da ke shayar da shanu a ɗaya gefen. Da yake Tibi da Fulani abokan wasa ne, sai ya fara da tsokana.

"Kai Batibe, yau ka yi maganar hankali, duk da rigarka ta mahaukata ce. Wa ya taɓa yanka maraƙi sannan ya zauna jiran bijimi?"

Su biyu suka je wurin mai unguwa. Aondohemba ya yi awa guda yana bayanin ƙanƙara, mai unguwa na gyangyaɗi. Saleh ya faɗi maganar maraƙi, mai unguwa ya farka. Aka yanke cewa za a rufe tafkin daga ruwan farko har a gama haƙar doya, kuma duk gidan sauron da aka gani a ruwa za a ƙwace. Aka naɗa Aondohemba mai gadi, ba albashi.

Kwana tara da kafa doka ya hango mutum a cikin ciyayi yana jan farin abu. Ya laɓaɓa, ya daka tsawa irin ta kyaftin. Mai laifin ta juyo. Ngumimi ce, gidan sauron kuma na gadonsu ne.

"Miya babu kifi, kai ne za ka fara ɓata rai," ta ce.

Mata uku suna wanki suna kallo. Aondohemba ya juye 'ya'yan kifin a ruwa, ya naɗe gidan sauron ya kai wa mai unguwa da hannunsa. Bayan mako biyu zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi. Ngumimi ta dafa masa ganyen darbejiya, ta miƙa masa ƙoƙon tana cewa, "Sha. Su ma sauro ai ka bar musu rabonsu."

Amma labarin ya zaga gari. Mutumin da bai ƙyale matarsa ba, wa zai ƙyale? Aka daina satar shiga.

Shekarar farko ba a ga wani bambanci ba, aka ci gaba da yi masa ba'a. A ta uku, ranar buɗe tafki, aka fara fito da tarwaɗa masu kaurin cinya. Jama'a suka nace sai mai gadi ya shiga ya kama da kansa. A nan asiri ya tonu: duk shekarunsa a teku, bai taɓa riƙe raga ba, ko iyo bai iya ba. Ya shiga don kunya, wata tarwaɗa ta fizgi ragar, ya kife a ruwan da bai wuce ƙirji ba yana kiran sunan uwarsa. Saleh ne ya miƙa masa sanda ya jawo shi, ya ce gara ya koma inda ya fi ƙarfi. Ya koma gindin murhu kuwa, ya yi farfesun da mutane suka riƙa zuwa neman ƙari da kwano a ɓoye a bayansu.

Ya riƙe gadin har 2010, lokacin da gwiwa ta hana shi zagaye tafkin. Da mai unguwa ya tambayi wa zai gaje shi, Ngumimi ta miƙe ta ce ita, domin ta san duk hanyoyin da ɓarayi ke bi. A makonta na farko ta kama ɗan mai unguwa da wani dattijon coci.