Aljanar Hanyar Ribah

A Zuru ana cewa wata aljana tana tare masu babur a gindin wata tsamiya, kan tsohuwar hanyar Ribah. Kawuna, tsohon soja mai cika baki, ya goya ni a babur ɗinsa wata Lahadi bayan coci mu je mu gani.

Muna isa sai ga tsohuwa da farin zane tana ɗaga hannu. Kawu ya taka birki, ya kama addu'a da yaren Dakarci.

Ta ce, "Ɗana, rage mini hanya mana. Tun safe nake nan, duk wanda ya hango ni sai ya ƙara wuta."

Muka matsa mata. Har Ribah tana zagin mazan yanzu, kwandon gautanta a kan cinyata.