Ku Goge Hoton Malam Sabi'u

Da safen nan na buɗe waya na ga malamina kwance a bakin titi. Haka labarin ya iske ni. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malam Sabi'u, wanda ya koya mana adabi a sakandare. Mota ce ta buge shi yana dawowa daga lambunsa na Watari. Wani ya ɗauki hoto tun ba a rufe shi ba, ya tura wa tsofaffin ɗalibai a waya.

A bakinsa muka fara jin Girkawan dā da wasannin kwaikwayonsu, na kuka da na dariya. Ba mu da kayan wasa, sai ya huda idanu a jikin ƙwarya muka rufe fuska. Ni ya sa gaban 'yan amshi. Ya ce, "Rabi, bakin nan naki ba ya hutawa, gara mu ba shi aiki."

Wata rana muka shirya wasan da ƙawarmu Talatu za ta mutu a gaban 'yan kallo, har mun jiƙa zoɓo a madadin jini. Ya hana. Ya ce Girkawa a bayan fage suke kisa, manzo ya fito ya faɗa da baki, sannan a ga gawa. "Mu ma ba haka muke yi ba? A tura babba, ya yi sallama, ya zauna, ya fara da cewa jikin ya tsananta."

Rabona da shi kasuwar Ɗambatta. Ya cika min leda da tumatir, ya ce, "Har yanzu kina faɗa?" Na ce sai abin da ya ƙaru. Ya ce Girkawa in sun gama wasan kuka, da na dariya suke rufewa. "Ke ma ki koya."

Yau dai ba zan iya ba, Malam.

Mahaifiyarsa, Inna, tana ƙauye, ba ta sani ba tukuna. Ƙaninta yana hanya daga Kano don ya gaya mata. Jikokinta kuwa duk suna da waya.

Kai da ka ɗauka, da ku masu turawa kuna rubuta "Allah ya jiƙan rai" a ƙasa: ku goge. Ku bar manzo ya isa.

Allah ya gafarta wa Malam, ya haskaka kabarinsa. Ku sa shi a addu'a, ku sa Inna, Allah ya sa ta ji daga bakin ɗan'uwanta.