Gorar da aka ɗaura wa ganga

Yau kwana huɗu ke nan, amma har yanzu in wayar wani ta yi ƙara a cikin gbaka, motar hayar Abidjan, sai gabana ya faɗi. Na ɗauki biro don in rubuta abin da ya faru ranar Lahadi, sai hannuna ya ƙi, ya koma can baya, wajen murhun Iya.

Iya kakata ce, mahaifiyar Baba. Daga wajen Ƙonni ta zo Abidjan tun Baba yana goye, kuma har ta rasu ba ta yarda ta koyi Faransanci ba, in ban da "bonjur" da take yi wa maƙwabta ko da rana ta faɗi. A gidanmu na unguwar Biafra ƙofa tara ce ke kallon tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Bayan magariba Iya takan jawo murhun gawayi bakin ƙofarmu ta ɗora kaskon aloko, wato soyayyar ayaba, mu kuma mu kewaye ta, ni da yayana Mutari da 'ya'yan maƙwabta, har da waɗanda ba sa jin Hausa. Su ƙamshi ke kawo su. Hayaƙi ya shiga ido, sauron bakin ruwa ya ci ƙafafu, ba mai tashi.

Takan ce wa Mutari, "Maigidana, fifita wutar nan. Miji ba cefane, ba fifita, me zan yi da kai?" Sannan ta dube ni: "Ke kuma sarkin tambaya, matso. Ga wata nan ta taso daga Ƙonni a ƙafa, ku ba ta wuri." Mu haɗa baki mu ce, "Ta zo ta zauna!"

Tatsuniyar da ta fi yawan zuwa ita ce ta matar makaɗi. Wai wata mata ce mai haƙuri, ba a taɓa jin kukanta ba. Ashe tana da 'yar gora a rataye a kan gadonta. Duk abin da ya dame ta sai ta cire totuwar da ta toshe bakin gorar, ta raɗa a ciki, ta mayar. Shekara bakwai tana haka. Ran nan ana biki, gorar da mijinta ke ɗaura wa gangarsa ta fashe, ya shiga ɗaki da sauri ya tsinko tata ya ɗaura a jikin gangarsa. Bugun farko totuwa ta yi tsalle. Maganar da ke ciki siririya ce kamar kukan sauro, amma ganga ta ɗauke ta ta watsa wa gari.

A nan Iya takan ajiye matsami ta toshe hanci ta yi muryar ganga: "Miyar uwar mijina ba gishiri! Dum! Mijina yana minshari kamar jaki! Dum!" Mu yi ta birgima a ƙasa don dariya. Sai ta sauke murya, ta dubi wuta: "Idona na hagu ya daina gani tun bara, ban faɗa wa kowa ba. Dum."

Ni ce kullum mai tambaya: "Iya, sai me ya faru?"

"Biki ya watse mana. To ku faɗa mini, wa ya fi laifi, gora, ko ganga, ko matar?"

Mu yi ta musu har aloko ya ƙare. Ba ta taɓa raba mana gardama ba. Sai dai ta kakkaɓe zane ta ce, "Ta gaji, ta koma Ƙonni. Kowa ya wanke ƙafa." Ni dai abin da na ɗauka shi ne: kada ka ba kaya ajiyar magana.

Na girma, na gama lakol, wato makarantar boko, na manta.

Wata uku da suka wuce Mama ta kira ni ɗaki ta rufe ƙofa. Ta kama hannuna ta ɗora a ƙirjinta na hagu. Na ji wani ƙullutu kamar goro. Ta ce, "Nafisa, ke kika yi karatu, ke za ki kai ni asibiti. Amma babanki kada ya ji. Kin ga yadda hawan jini ya kayar da shi bara. Sai mun san ko mene ne." Na yi mata alkawari. Duk ranar da za mu ga likita sai mu ce za mu kasuwar Adjame sarin atamfa. Ban rubuta komai a takarda ba, don Baba duk takardar da ya tsinta Mutari yake miƙa wa ya karanta masa. A kalandar wayata nake sa ranakun da Faransanci, in sa ta tuna mini ana gobe. Har gargaɗin Mama nake rubutawa a ƙarshe, kamar zan manta.

Mutari yanzu gyaran waya yake yi a Adjame. Ranar Asabar ya shigo da wata 'yar na'ura, zagayayya kamar gwangwanin kifi, wai magana ake yi mata ta amsa. Ya ce saboda Baba ya kawo, tunda idonsa ya fara rauni, ya daina wahalar neman tasha: ya ce karatun Alƙur'ani kawai, ta sa masa. Sai dai muryarta ƙarama ce, ko a ɗaki da ƙyar Baba ke ji.

Baba kuwa yana da tsohuwar shen ɗinsa, rediyon nan mai hawa uku da manyan bafil biyu, wato lasifika, wadda ya saya tun kafin a haife ni, kullum a lulluɓe da ƙyalle. Mutari ya jawo ta, ya hure ƙura, ya ɗauko igiya mai ƙaramin kai ɗaya ya soka a bayan na'urar. Ɗaya gefen kai biyu ne, ja da fari, ya soka su a bayan shen, ya murɗa maɓalli zuwa inda ake jona abin waje. Shiru. Ya sauya rami, sai wani gunji, buuu. Ya ce, "Yawwa, ta farka."

Saura a haɗa ta da intanet da asusun wani. Ya manta lambar sirrin nasa. "Ke, ba ni wayarki, minti biyu." Na ba shi. Ina kallo yana ta danna "na yarda, na yarda" bai karanta ko layi ɗaya ba, yadda yake yi wa wayoyin mutane a shago. Ban kawo komai a raina ba. Wallahi ban kawo ba.

Baba ya sunkuya ya yi mata sallama. Shiru. Ya ce, "Sa mini Suratu Yasin." Ta ce da Faransanci ba ta gane ba. Ya dube mu ya ce, "Ba ta jin Hausa? To ai 'yar Abidjan ce, irinku." Muka yi dariya har da Mama. Mutari ya maimaita mata da Faransanci. Da karatu ya fito ta bafil, sai da kwanuka suka yi rawa a kan kanta. Baba ya ji daɗi ƙwarai, ya ce a fitar da bafil ɗaya taga, ta fuskanci tsakar gida, kowa ya samu lada. Mutari ya ƙure murya ya bar ta a haka.

Lahadi bayan la'asar Baba yana tabarma da abokansa biyu suna shan shayi. Mama tana tsintar shinkafa a bakin ƙofa. Maƙwabciyarmu Tanti Aya tana wanki a famfo. Ni ina kwashe shanya. An gama karatu, shen tana kunne, ba abin da ke fita.

Sai wata 'yar ƙara, tilin. Sannan muryar mace, a natse, da ƙarfin da ya cika gidan har titi. Da Faransanci ta yi, amma ga abin da ta ce: "Tunatarwa. Gobe ƙarfe takwas. Mama, asibiti, za a yanki tsoka a nonon hagu a gwada. Kada a faɗa wa Baba."

Ta maimaita. Sau biyu take faɗin abu, ashe.

Ban san lokacin da kayan shanya suka zube daga hannuna ba. Na ji famfo yana zuba a bokiti ba mai rufewa. Tanti Aya ta dafe baki da hannu mai kumfa. Ƙofofi suka fara buɗewa. Mutari ya fito a guje ya fizge igiyar, bafil ta yi wata ƙara kamar an mari wani. Mama ba ta ɗaga kai ba. Hannunta na cikin shinkafa, ya tsaya cak.

Faransancin Baba na kasuwa ne, amma ya san "Mama", ya san "asibiti", ya san "Papa". Ya ajiye kofin shayi a hankali. Bai dubi Mama ba, ni ya duba.

"Nafisa. Me ta ce?"

Abokansa suka sunkuyar da kai. Duk gidan ya riga ya ji, shi kaɗai ya rage, shi da maganar ta fi shafa. Na dubi Mama ina neman ta ba ni ƙarya ɗaya in faɗa. Ina tuna ranar da muka ɗauke shi daga ƙasa bakinsa a karkace.

Mama ta ce, ba ta ɗago ba, "Faɗa masa. Da Hausa."

Na durƙusa a gefen tabarma na faɗa. Ban san da wace murya ba.

Bai faɗi ba. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Abokansa suka tashi suka sa takalma, ko sallama a ciki suka yi ta. Can ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Wata uku, Baba."

"Wata uku." Ya juya wajen Mama. "Hajiya, wata uku ina cin tuwon hannunki, ina ganin kina sauke tukunya da hannu ɗaya, ban tambaya ba." Ya cire hula ya rufe fuska da ita. Ban taɓa ganin kan Baba ba hula a tsakar gida ba.

Litinin mu uku muka je. Ya zauna a bencin mata, shi kaɗai namiji, yana riƙe da jakar Mama a cinya. Da muka dawo muka tarar Tanti Aya ta wanke mana shanyar da na zubar, ta ninke, ta ajiye a ƙofa. Sakamako sai mako mai zuwa. Ban san abin da za su ce ba, kuma tsoro bai sake ni ba. Mutari ya kasa haɗa ido da ni, ni ma na kasa haɗa ido da Mama, ko da yake ta ce ba ta riƙe ni ba.

Tun ranar nake juya tambayar Iya. Gora, ko ganga, ko matar. Muna yara mun ba kowannensu laifi, mun yi ta ihu a kai. Ba wanda ya taɓa ambaton makaɗin, wanda ya shekara bakwai yana kwana a ƙarƙashin gorar nan bai ce mene ne a ciki ba. Baba bai taɓa zama da mu wajen murhu ba, amma shi ya fara ba da wannan amsa, a kan kansa. Ina jin da gangan Iya take barin sunansa a waje, ta ga ko wani zai lura. Ina kuma tunanin matar, ranar da biki ya watse. Iya ba ta taɓa cewa ta mutu don kunya ba. Mu ne muka ɗauka haka.

Jiya na naɗe na'urar da igiyarta zan mayar wa Mutari ya kai ta Adjame, ko ganinta ba na so. Mama tana kwance ta gan ni. Ta ce, "Ina za ki da ita? Babanki bai ji karatu ba tun Lahadi."

Na ce, "Mama, bayan abin da ta yi mana?"

Ta gyara filo da hannun dama ta ce, "Mayar da ita, ki jona. Ai ba sauran abin da za ta faɗa."

Na jona, ja a ramin ja, fari a ramin fari. Amma na shigo da bafil daga taga.